Mutanen Da Suka Ƙi Kujera

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni kuwa a wajen masu gwagwarmaya sai na ga abin ya juya. Ba a sanin na gaskiya sai miya ta yi yawa, watau ranar da aka miƙa masa kujera, aka ce ya sha wahala, ya zauna ya huta. Abin da ya sa ke nan tun da na soma karanta tarihin mutanen nan da Turawa ke kira Anakis na kasa rabuwa da su, ko da yake ban yarda da aƙidarsu ba.

Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta babu mai mulki. A ganinsu gwamnati kowace iri ce, ta sarki ko ta zaɓe ko ta 'yan gurguzu, bulala ce a hannun 'yan tsiraru, kuma jama'a na iya tafiyar da al'amuransu ta hanyar taimakon juna, kamar yadda ake gayya a gona ba tare da ɗan sanda ya tsaya a kan kowa ba. Ni dai ban ga yadda ƙasa mai miliyoyin mutane za ta zauna babu alƙali babu hukuma ba, ga shi kuma yawancinsu sun juya wa addini baya. To, amma bari mu dubi yadda suka rayu.

Peter Kropotkin ɗan sarauta ne, an haife shi a Mosko a 1842, kuma yana saurayi ya yi hidima a fadar Sarkin Rasha. Maimakon ya liƙe wa fada, sai ya zaɓi aikin soja a Siberiya, inda ya yi suna a ilmin labarin ƙasa. A 1871 aka yi masa tayin zama sakataren babbar ƙungiyar masana wannan fanni ta Rasha, ya ƙi, domin bai ga dalilin jin daɗin ilmi ba alhali manoman da ke ciyar da shi ba su ƙoshi ba. Aka kama shi a 1874, ya tsere daga asibitin kurkuku a 1876, Faransa ta sake ɗaure shi daga 1883 zuwa 1886. Da aka tumɓuke Sarkin Rasha a 1917 ya koma gida bayan shekara 41 a gudun hijira, sabuwar gwamnati ta ce ga minista, tsoho ya sake ƙi. Da su Lenin suka karɓi mulki kuwa, bai yi shiru ba, har ya rubuta masa takarda a 1920 yana la'antar garkuwa da mutane da gwamnatinsa ke yi. Ya rasu a 1921 a wani ɗan gari, Dmitrov, sai da aka roƙi hukuma kafin ta saki waɗansu almajiransa daga kurkuku su halarci jana'izarsa.

Cikin waɗanda suka yi jawabi a bakin kabarinsa akwai Emma Goldman, kuma jarrabawarta ce ta fi ba ni tsoro. Ta je Amurka a 1885 tana budurwa, ta yi aikin ɗinki a masana'anta, ta sha ɗauri saboda bakinta, har a 1919 aka loda ta a jirgin ruwa tare da mutum 248 aka kora su Rasha. Ta isa tana murna, ga ƙasar da aka ce ma'aikata ke mulki. Da ta kama bakinta da ta ci gaba da zama baƙuwar girma. Amma da ta ga an buɗe wa sojojin ruwa na Kronstadt wuta a watan Maris na 1921 don sun nemi 'yancin magana da na zaɓe, sai ta bar ƙasar, ta rubuta abin da idonta ya gani. Abokan jiya da yawa suka juya mata baya. Ku duba fa, zagin abokin gaba kowa na iyawa, har a tafa masa. Faɗa wa naka gaskiya shi ne ke raba mutum da tuwo da kuma abokai. Ta rasu a Kanada a 1940, Amurka kuma ta yarda aka mayar da gawarta can.

Har wa yau akwai Louise Michel, malamar makaranta a Faransa, wadda aka kora zuwa tsibirin Sabuwar Kaledoniya saboda tawayen Faris na 1871. Da 'yan ƙasar, watau Kanak, suka tasar wa mulkin mallaka a 1878, akasarin 'yan'uwanta korarru, masu kukan zalunci jiya, sai suka bi bayan Faransa. Ita kuwa ta tsaya da Kanak. A 1888 wani ya harbe ta a ka tana lacca, ta rayu, sa'an nan ta nema masa sassauci a gaban shari'a.

Kada a ce na wanke su tas. Akwai jini a tarihinsu. Abokin Goldman, Alexander Berkman, ya harbi wani shugaban kamfanin ƙarfe a 1892 don ya taimaki ma'aikata masu yajin aiki; mutumin bai mutu ba, yajin ya karye, shi kuwa ya share shekara 14 a kurkuku. Waɗansu sun kashe shugaban Faransa a 1894 da na Amurka a 1901, abin da aka samu kawai shi ne sababbin dokokin danniya. Harsashi bai 'yanta kowa ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga inda zancen ya taɓa mu. Babu wanda ya kai mu iya kuka da sunan talaka a dandalin taro da ɗakunan kwana. Amma kowannenmu ya san wani da ya yi tashe da wannan kuka, yau kuwa sai ka cika takarda kafin masinja ya bar ka ka gan shi. Mu ba a ce mu ƙi aiki ba, don iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya mana karatu, ƙannai kuma na jira. Abin tambaya shi ne, ranar da kujerar ta zo, kuma mai laifin ya zama namu, wanda muka yi makaranta tare ko muka fito gari ɗaya, bakin nan zai buɗe kuwa? Mutanen nan sun yi kure a abubuwa da dama, amma an gwada su da wuya, an gwada su da daɗi, bakinsu bai sāke ba. Mu tamu jarrabawar tana gaba, kuma ba a zauren jarrabawa za a yi ta ba. Allah ya sa mu ci.