Cokali Mai Yatsu Har Huɗu a Gabana



Na fi shekara 20 ina sayar da kwanuka da cokula a nan Badun. Duk uwar da ta zo haɗa kayan ɗakin 'yarta sai na tallata mata saitin nan mai guda 24: cokalin abinci 6, na shayi 6, wuƙa 6, mai yatsu 6. Na san wanda zai yi tsatsa tun ba a yi suna ba. In ka ga an buga 18/10 a bayan mariƙinsa, ƙarfe ne na ƙwarai. Mai 18/0 ya fi araha. Amma ban taɓa tambayar kaina me amarya za ta yi da mai yatsun ba. A gidana dai aikinsa bai wuce taliya da tsamo awara daga mai ba.

Watan jiya babban yarona da ke aiki a Legas ya ɗauke ni walimar dare a wani otal a Ikeja, wai wurin aikinsu za su karrama shi. Na sha babbar riga, na zauna, na dubi gabana. Mai yatsu uku a hagun faranti, wani ɗan ƙarami kwance a samansa. Wallahi da farko na ɗauka kuskure aka yi, an haɗa mini da na maƙwabta.

Yaron da ke raba abinci Bayarabe ne, sai na jawo shi da Yarbanci a hankali. Allah ya yi masa albarka, bai yi dariya ba. Ya ce, Alhaji, daga waje ake farawa a shigo ciki. Na ƙarshen can na ganye ne, salak ɗin da ake fara kawowa. Na tsakiya na kifi ne, ya ɗan fi faɗi, yana da wuƙarsa marar kaifi, don ba yanka ake yi da ita ba, ɗaga tsoka ake yi daga ƙaya. Babban da ke jikin faranti na nama da shinkafa ne. Na saman nan mai yatsu uku na kek ne, an faɗaɗa yatsansa na gefe don a gutsura da shi. Can kuma na hango mai yanka nama ya danne cinya da wani dogo mai yatsu biyu kamar ƙaho. Na ce a raina, masu balangunmu na Sabo da hannu suke dannewa, kuma ba su taɓa ɓata yanka ba.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne hagun. Al'adar Turai ita ce wuƙa a dama, mai yatsu a hagu, kuma da hagun ake kaiwa baki. Ina kallo yaron nan ya soki nama ya kai da hagu. Ni na karantar da shi hadisin Umar bin Abi Salama, yaron da Annabi (SAW) ya koya wa ambaton Allah da ci da dama da cin abin da ke gabansa. Yana ɗan shekara 7 ya haddace shi. Ga manyansa zaune, sai na haɗiye maganar tare da kifin, wanda na ci da dama, da cokalin da nake zaton na ganye ne.

A mota, hanyar Agege inda na sauka, na ce, "Kai, yaushe damarka ta samu ciwo?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, in na sauya hannu kowa zai lura. Ni kaɗai ne Bahaushe a wurin."

Na so in yi faɗa, amma na tuna yadda ni kaina na yi gumi a kan kujerar nan, ni da ba aikina ne a hannunsu ba. Na ce masa cokali ba shi da laifi, ko yatsunsa goma ne, in dai ba na zinariya ko azurfa ba ne, waɗanda aka hana mu ci da sha a cikinsu. Ci da hagu kuwa mafi yawan malamai makaruhi suka ce, wasu sun tsananta. Sannan na tambaye shi baƙon nan da ya zauna kusa da shugabansu. Na lura yana yanka nama, ya ajiye wuƙa, ya mayar da cokalin dama kafin ya kai baki. Ya ce mutumin Amurka ne, su haka suke yi. Na ce to, akwai wanda ya kalle shi? Ya yi 'yar dariya, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ni ma ban ƙara ba.

Da na dawo shago na buɗe kwali na ƙirga: duk yatsu huɗu-huɗu, iri ɗaya, na nama. Ran nan wata Hajiya ta zo neman na amarya. Na ce, "Hajiya, ki ɗauki cokali dozin biyu da ludayi, sun fi amfani, ga sauƙi."

Ta ce, "Haba Malam, so kake dangin miji su yi da ni?"

Saiti biyu ta saya.