Damagaram ko Maraɗi?

Wani tsohon ma'aikacin gwamnati, haifaffen Damagaram, ya yi shekara talatin yana aiki a Maraɗi. Da ya aje aiki, ƴaƴansa suka ce: "Baba, ina za a gina gidan?" Kuɗin hannunsa na gida guda ne.

Zuciya ta ce Damagaram, garin Sarki Tanimun, mai ganuwa da fada, babban birnin ƙasa har 1926, sa'ad da Nasara suka mai da mulki Yamai. Aljihu ya ce Maraɗi: gulbi ya cinye ta a 1945, ta hau tudu, gyaɗa da fataucin Kano suka tsai da ita.

Amma tsohon ya ga 2019, da Nijeriya ta rufe iyaka, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Isa, kasuwa ta yi sanyi. Bai kuma manta matan Damagaram da ke kwana jiran ruwa ba. Tarihi ba ya cika tulu, arzikin iyaka kuwa aro ne. Tuwon hatsi dai ɗaya ne, nan da can.

A Maraɗi ya gina, kusa da jikoki. Sai dai kowace jajibirin Salla, tun asuba yana tasha, don kada hawan Sarkin Damagaram ya wuce shi.