Ƙwallon Lambu a Ƙasar da Ba Ta da Ruwa

Bahaushe ya yi gaskiya da ya raɗa wa wasan golf suna ƙwallon lambu, domin ba a yin sa sai a fili mai ciyawa shar, kuma kowa ya san lambu ba ya rayuwa sai da ban ruwa. Shi ya sa abin ke ba ni mamaki idan na tuna cewa ɗaya daga cikin wuraren da masu wannan wasa suka fi tururuwa zuwa hutu a duniya hamada ce: birnin Finiks da maƙwabcinsa Sikotsdel a jihar Arizona ta Amurka. Ruwan saman da ke sauka can a shekara bai kai milimita 250 ba, wanda Kano ke samu ya ninka shi wajen sau uku, amma filayen wasan da ke yankin sun haura ɗari. Baƙon da ke da kwana huɗu ko biyar dole ya zaɓa, kuma ina ganin akasarin masu zuwa da ma'aunin da bai dace ba suke awo.

Ma'aunin da aka saba da shi suna ne. Kowa na son a ce ya buga a filin TPC Scottsdale, inda ake gasar Phoenix Open duk shekara, ya tsaya a rami na 16 da dubban 'yan kallo ke kewayewa suna sowa. Ban raina wannan sha'awa ba. Sai dai kujerun 'yan kallon na wucin gadi ne, ana kwashe su bayan gasa, kuɗin shiga kuwa a lokacin sanyi ya isa a buga sau da yawa a filin gwamnati irin Papago, wanda aka buɗe a 1963 a gindin jajayen duwatsu.

Da na sami 'yan kwanaki a yankin bayan wani taron ilimi, tambaya ɗaya na riƙa yi wa duk filin da na tuntuɓa: daga ina ruwanku yake? Amsar kashi uku ce. Wasu na jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa. Wasu na shan na Kogin Kolorado, da ake korowa ta wata babbar magudana mai tsawon fiye da kilomita 500. Wasu kuma, musamman a arewacin Sikotsdel, ruwan da gari ya riga ya yi amfani da shi aka tace aka ba su. Waɗannan na ƙarshe na fifita, kuma ga dalilina. A 2021 gwamnatin Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a Kogin Kolorado karo na farko a tarihi, aka rage kason Arizona a 2022, kuma manoman gundumar Pinal ne suka fi ji a jikinsu, har wasu suka bar gonaki ba shuka. Wanda ya tashi a ƙasar da rijiya ke ƙafewa da bazara ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abu na biyu da na duba shi ne yawan ciyawa. Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa da Arizona ta kafa a 1980 ta kai ga taƙaita ciyawar sababbin filaye zuwa kimanin eka 90 ga ramuka 18. Ƙuncin ya haifar da fasaha: masu tsara filaye suka koma shimfiɗa tsibiran ciyawa, suka bar tsakaninsu yadda Allah Ya halicce shi, da yashi da duwatsu da murtsunguwar saguwaro mai rayuwa fiye da shekara ɗari. Irin wannan fili ya fi wuyar wasa, domin ƙwallon da ta kauce ta faɗa ƙaya, wani lokaci kusa da maciji. Amma a nan ne mutum ke sanin cewa hamada ya zo. Filin We-Ko-Pa, mallakar al'ummar Yabapai, 'yan asalin ƙasar, misali ne: babu gidaje a gefensa, kuma ana iya zagaya sashensa na Saguaro da ƙafa.

Na uku lokaci ne. Ciyawar Bamuda da ake shukawa can tana dusashewa da sanyi, don haka wajen watan Oktoba filaye da dama ke rufewa na 'yan makonni a barbaɗa irin wata ciyawar sanyi a kanta, aikin da ke cin ruwa ƙwarai, don kawai baƙo ya ga kore. Da zafi farashi na faɗuwa, amma araha ba ta ado: a 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 43 ko fiye. Mai zuwa a irin wannan lokaci sai ya fara da asuba ya gama kafin rana ta take.

Za a ce kuɗin baƙo guda ba zai cika kogi ba. Haka ne. Amma masu filaye suna shayar da abin da baƙi ke biya su gani ne, kuma da ɗan kaɗan kogi kan cika. Mu a Arewa mun daɗe muna buga wannan wasa a filayen da bakin raminsu yashi ne da aka daddaɓe da mai, ba mu ce ba wasa ba ne. Shawarata ga mai niyyar tafiya ita ce ya ba fili mai suna rana guda idan ransa ya biya, sauran kwanakin ya kai kuɗinsa inda ciyawa ta yi kaɗan kuma ruwan tataccen na gari ne. Idan aka kasa gaya masa tushen ruwan, ya nemi wani filin.