Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan

Kafin in zo Accra wurin Yayana, murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuyan kakarmu. Ban taɓa zaton dabba ce mai rai ba, har sai da na kusa kashe wani da hannuna.

Yaya yana da shagon kayan lantarki, amma shekara biyu ke nan ya ƙara da wata sana'a: yana haɗa wa masu otal da ofisoshi tankin gilashi na kifin teku. A Janairun bara wani mai otal ya ba da rabin kuɗin tanki mai cin lita 200, da kifi shida da murjani iri huɗu. Tankin na falonmu a Nima yana jiran a gama ginin inda za a sa shi, sai tafiyar Gwangzhu ta taso wa Yaya, mako uku. Da zai fita ya nuna mini wani layi da ya ja a jikin gilashin, ya ce, "Kada ka bari ruwa ya sauka ƙasa da nan." Na ce, "An gama, Yaya."

Lokacin hunturu ne, iska a bushe, ga fanka da ke kaɗa saman ruwan don kada ya yi zafi. Kullum sai in ga ya ragu da kusan lita uku. Ni kuma na yi nawa lissafin: kifin teku ai sai ruwan gishiri. Sai in ɗebo garin gishirin da Yaya ke haɗawa da shi, in auna yadda aka rubuta a jikin bokitin, in dama, in cika har layi. Ina ta jin daɗi ina riƙe amana.

Wajen kwana na takwas abu ya fara canzawa. Akwai wani murjani mai taushi da ke buɗe 'yan yatsunsa kore shar yana rausaya cikin ruwa. Ya tsuke ya zama kamar tsohuwar fata. Mai rassa kamar ƙahon barewa kuwa ya fara kodewa daga gindi, yana fitar da yauƙi. Na ce yunwa ce, na ƙara abinci. Na ce fitila ce, na rage haske. Kowace gyara sai ta ƙara dagula lamarin, don abincin da ba a ci ba ruɓewa yake ya ɓata ruwa, murjani kuma da haske yake rayuwa. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ciyar da shi, su ke ba shi yawancin launinsa. In ya wahala sai ya kore su, shi ne ake ganin ya yi fari.

Ran kwana na goma na buɗe akwatin awon Yaya, da littafin da yake rubuta sakamako. Zafin ruwa 26, daidai. Sinadarin kalsiyam, wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi, Yaya na samun 420 zuwa 440, ni na samu 490. Maganiziyam ya saba zama wajen 1,300, ya haura 1,500. Komai ya hau tare, ni kuwa ban zuba wani magani ba. Na ɗauko 'yar na'urar awon gishiri, wadda ake ɗiga mata ruwa a leƙa kamar madubin hangen nesa. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, a na'urar 1.026 ke nan. Nawa ya nuna 1.030, wato kusan giram 40. Na wanke ta, na gwada ta da ruwan gwajin da ke cikin akwatin, lafiyarta lau. Tankin ne ba lafiya.

Ina zaune na yi tagumi, matar Yaya ta fito daga kicin ta tambaye ni. Na faɗa mata duk abin da nake yi kullum. Ta riƙe baki ta ce, "Kai ƙanina, in miya ta ƙone ta yi gishiri, ruwan gishiri ake ƙara mata?" Nan take jikina ya yi sanyi. Abin da ke tashi sama ruwa ne zalla, gishirin yana nan. Da haka ake samun gishirin Ada da muke gani a kasuwa, rana ta shanye ruwan tafkin Songor ta bar farin a ƙasa. Ni na mai da falonmu Songor: lita 30 na ruwan gishiri a kan gishirin da bai je ko'ina ba. Shi kuma yana tsotse ruwan jikin murjanin kamar yadda yake yi wa ɗanyen nama.

Zuciyata ta ce in gyara a ɓoye, in kwashe ruwa da yawa in maye da na famfo, kafin Yaya ya dawo komai ya koma. Matar Yaya ta ce in kira shi. Tsakaninmu da Gwangzhu awa takwas ne, na jira asuba na kira. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da ba ka taɓa ba. Da ka sauke shi a dare ɗaya, da ka ƙarasa su." Ya ce murjani ya fi jure ruwa mara daidai a kan ruwan da ke canzawa farat ɗaya. Ruwan famfo kuma akwai kulorin a ciki. Umarninsa: kowace rana in cire lita biyar, in maye da tataccen ruwa daga injin tacewarsa, a hankali, kofi-kofi. Abin da iska ta shanye shi ma da tataccen ruwa, babu gishiri. In mai da haske yadda yake, in rage abinci, in auna safe da yamma in rubuta.

Kwana shida aka yi kafin na'urar ta dawo 1.026. Mai taushin ya fara leƙo da yatsunsa a mako na biyu. Mai rassan kuwa rabinsa ya tafi, naman ya saɓule ya bar farin ƙashi tas. Yaya ya nuna mini bambancin da ya dawo: wanda ya kode amma namansa na nan yana iya farfaɗowa, wanda ya zama ƙashi zalla sai haƙuri. Ya karya rassan da suka rage da rai ya manna su a kan dutse, ya kuma gaya wa mai otal gaskiya, ya rage masa kuɗi. An cire wani abu daga albashina wata biyu, ban yi musu ba.

Shi ma Yaya ya amsa nasa: ya ce ya nuna mini layi, bai gaya mini da me ake cikawa ba. Yanzu duk wanda zai bar wa wani shago ko gida a cikinmu, sai ya sa shi ya yi aikin sau ɗaya a gabansa. A jikin bokitin gishirin kuma matar Yaya ta rubuta da alƙalami baƙi: "Ba na ciko ba ne."