Kaji Muka Ƙirga, Agwagi Suna Kallonmu

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, aka sa ni cikin ayarin da ke bin gonaki da ƙauyuka, muna ɗibar samfur ana kaiwa ɗakin gwaji na Vom.

Rabin aikinmu ƙirgen mushe ne. Kaza ba ta iya ɓoye wannan ciwo. Zankonta ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kafin gari ya waye ana kwashe su a baro. Shi ya sa yawan kajin da suka mutu ya zama ma'aunin hatsari. Inda mushe ya yi yawa a ja jan layi a taswira, inda babu a wuce.

Agwagwa kuwa sau da yawa takan ɗauki ƙwayar cutar, ta riƙa zubar da ita ta kashinta a kududdufi da kaskon ruwan da kaji ke sha, ita tana ta rangajinta. Wata tsohuwa ta ce mini, "Ɗana, agwagina garau suke, kaji ne masu raki." A iya abin da ido ke gani ta yi gaskiya. Amma ma'aunin da ya jingina da mutuwa mai rauni kawai yake kamawa, mai yaɗawa ya kuɓuce masa. Da cutar ta ƙetara zuwa Nijar kafin watan Fabrairun ya ƙare, a jikin agwagin gida aka gano ta a Magarya.

Ko lissafin kajin ma bai cika ba. Diyyar farko naira 250 ce kan kowace kazar da aka kashe, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba. Mai kiwo da ya ga biyu sun kife, sai ya ɗaure sauran a bayan babur da asuba ya nufi kasuwa, kuma wa zai ga laifinsa? Can za ka tarar da kaza da zabuwa da tattabara da agwagwa cikin keji guda, masu fige suna tsoma su a tukunyar ruwan zafi ɗaya da hannu tsirara.

An yi ta nuna yatsa ga tsuntsayen ƙaura da ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wasu suka ce 'yan tsakin da ake shigowa da su ta bayan fage ne. Binciken ƙwayoyin halitta dai ya nuna ba sau ɗaya cutar ta shigo ba.

A Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Likitocin mutane suka rubuta wannan a littafinsu, mu kuma muka ci gaba da cike namu fom ɗin, wanda babban gurbinsa na kaji ne.