Wiliyamsbag, Garin Da Aka Komar Da Shi Jiya

'Yan'uwana mata, yau filin namu zai kai mu Amurka, zuwa wani ƙaramin gari a jihar Bajiniya, ana ce da shi Wiliyamsbag. Tun daga 1699 har 1780 nan ne hedkwatar Bajiniya, kuma a yawancin wannan zamani Gwamnan Sarkin Ingila ne ke zaune a cikinsa. Da aka ɗauke hedkwata aka kai Ricmon sai garin ya yi sanyi. Wannan sanyi kuwa shi ya cece shi, gama da ba kuɗin sababbin gine-gine, ba a rushe tsofaffin ba.

A cikin 1926 wani limamin coci mai suna Gudwin ya shawo kan attajirin nan Rokafela ƙarami, ɗan mai arzikin man fetur, suka shiga sayen gidajen garin a asirce. Suka kawar da gine-ginen zamani fiye da 700, suka gyara na asali 88, suka sāke gina waɗanda suka ɓace a kan tsohon harsashinsu. Gidan Gwamna ya ƙone tun 1781, ba mai rai da ya san kamanninsa. Mace ce ta fid da su kunya. A 1929 wata mai bincike, Mary Gudwin, ta gano wani allon jan ƙarfe a laburaren Okisfod ta Ingila, da zanen gidan a jikinsa. Da taimakonsa aka gina shi, aka buɗe a 1934.

To, in kin shiga garin yau, wajen eka 300 ke nan, za ki bi wani titi mai tsawon kamar mil guda, ki ga keken doki na wucewa. Mutanen da ke aiki a ciki duk sun sa tufafin mutanen da. Ga maƙeri a bakin zuga-zugi, ga masassaƙi, ga baduku, ga masaƙa, ga mai yin gashin aro irin na alƙalan Turawa. Ba wasa su ke yi ba, sana'a ce sosai, sai mutum ya shekara da shekaru yana koyo kafin a sallame shi. A madafa kuwa a kan murhu a ke girki, da tukwanen ƙarfe. Za a ba ki labarin Clementina Rind, wadda mijinta ya rasu a 1773 ta karɓi injin ɗab'insa ta ci gaba da buga jaridar gari, da na Christiana Campbell mai masaukin da Joj Washinton kan ci abinci.

Garin nan bai tsaya cikin iyakarsa ba. Tun daga shekarun 1930 aka fara sayad da kujeru da tebura da labule da fenti irin nasa, matan Amurka suka dinga yi wa ɗakunansu ado da su. Waɗansu wurare suka yi koyi da shi, kamar ƙauyen Sitabirij da aka buɗe a 1946, da na Filimat da aka kafa a 1947. Yaran makaranta dubbai kuwa a nan suka fara ganin tarihin ƙasarsu da ido. Watau abin da garin ya nuna, shi jama'a suka ɗauka gaskiya.

Nan fa gizo ke saƙa. A wajen 1775 fiye da rabin mutanen garin baƙar fata ne, yawancinsu bayi, asalinsu daga Afirka. Su ke ɗebo ruwa, su ke hura wuta, su ke wanki da goyon 'ya'yan iyayen gijinsu. Amma shekara da shekaru baƙo kan zo ya ga zauren Gwamna da farantan azurfa, ba a ce masa kome game da hannun da ya goge su ba. Har wa yau akwai wata coci da bayi da 'yantattu suka kafa a 1776. A cikin shekarun 1950 masu gyaran gari suka saye gininta suka rushe, jama'arta suka koma wani sabo, daga baya aka malala kwalta a wurin don ajiye motoci. Ku duba fa! An ƙetare teku neman zanen gidan Gwamna, ga ɗakin ibadar talakawa a tsaye an kayar.

Sai a 1979 aka fara ɗaukar baƙar fata su ba da labarin bayi da bakinsu. A 1994 aka kwaikwayi gwanjon bayi a bainar jama'a, aka yi ta gardama, waɗansu na cewa tonon ciwo ne, waɗansu na cewa ciwon da aka rufe ba ya warkewa. A 2020 aka fara tone wurin motocin nan, aka sami harsashin cocin, da kaburbura fiye da 60. A 2023 kuma aka ɗauko wani ƙaramin gidan katako aka kawo cikin garin, bayan an tabbatar a cikinsa ne wata malama, Ann Wager, ta fara koya wa 'ya'yan baƙar fata karatu a 1760. Ta riƙe makarantar har ta rasu a 1774.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne gini ba ya magana, wanda ya gyara shi ne ke sa masa magana a baki. In mai gyara ya tuna da zaure ya manta da madafa, rabin labari ya bayar. Sabo da haka duk wadda Allah ya kai ta irin wannan wuri, a can ko a nan gida, in an gama nuna mata karagar sarki, sai ta tambaya, wa ya yi daka, wa ya ɗebo ruwa, ina kuma aka binne shi? Mutanen Wiliyamsbag sai da suka yi fiye da shekara hamsin kafin su fara amsa wannan tambaya, har yanzu kuwa suna kan tono.