Kwamfuta Ashirin, Uwa Ɗaya

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, tsofaffin kwamfutocin makarantunmu na zango suka zama marayu. Windows 11 ba ta karɓarsu, domin tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, wanda yawancinsu ba su da shi. Su ne kuwa abin da muka mallaka, kwancen ofisoshin Turai da aka sauke a tashar Tema.

A makarantar da nake taimakawa a Kumasi guda ashirin ne. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya da filashi, ana zaɓen harshe da agogo da suna, kowace takan ci sa'a guda ko fiye, ga kuma dumso da kan yanke aiki a tsaka. Saboda haka guda ɗaya nake shiryawa, wadda nake kira uwa. Nakan zaɓi mai ƙaramin faifai, domin abin da aka kwafo daga babban faifai ba ya yarda ya zauna a ƙarami. In ɗora mata Linux Mint mai sauƙin nauyi, sannan in kwafe faifanta dukansa da Clonezilla, manhajar kyauta da aka ƙirƙira a Taiwan. Sauran sai a haɗa su da waya, a umarce su su tashi ta hanyar sadarwa, a aika musu kwafin sau ɗaya su karɓa tare. Kafin la'asar an gama, saura sauya wa kowace suna.

Saurin yana da daɗi, amma ba shi ya fi damuna ba. Duk abin da aka sa wa uwa, 'ya'yanta goma sha tara za su gada. Abin da aka manta ma haka. Shi ya sa nake daɗewa a kanta fiye da yadda aikin ke bukata. Yaranmu da Hausa suke tashi, da Turanci suke karatu, da Twi suke ciniki a Kejetia, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ sun fito daga yatsunsu. Alhali Linux na da tsarin madannai na Hausar Ghana, yana nan a kwance ba wanda ya tashe shi. Nakan kunna shi a uwar tun kafin kwafi, don yarinyar da za ta zauna a kwamfuta ta ƙarshe ta iya rubuta ƙafa ba tare da ta koma kafa ba.